Reshen Majema

Da hantsi na'urar da ake kira Saiwa ta soma datse unguwar Majema. Injiniya Mati yana zaune gaban allon da kofin shayi, sunaye suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya ƙera na'urar, kuma ba ya gajiya da bayaninta. A Birnin Tama kowa sunansa jere ne da ɗigo a tsakani, kamar adireshin intanet na mutanen da. Daga dama ake karantawa: birni, sai unguwa, sai gida, sai mutum can a ƙarshen hagu. Famfo, motar haya, ƙofar asibiti, duk sai sun tambayi Saiwa kafin su yi maka aiki. In aka cire na dama, duk abin da ke rataye a hagunsa ya faɗi. Hukuma tana son filin Majema, mutanen sun ƙi tashi, sai Mati ya ce ai ba sai an kai buldoza ba.

"Ranka ya daɗe, a karanta maka waɗanda ke ƙarƙashi?" in ji Lantana, mataimakiyarsa.

"Na ƙi. Ƙishirwa za ta koya musu hanya."

Abin takaici, 'yarsa ta fari tana da tsohon ciki, kuma a Majema ta girma. Tun yaye aka ba yayarsa Kande riƙonta. Mati kuwa mutum ne mai alkunya: bai taɓa kiran sunan 'yar fari ba, ko dubansa a allo bai taɓa yi ba. Ya ɗauka da ta yi aure mijin ya mayar da ita reshensa. Tambaya ɗaya ta isa, amma wane uba ne zai yi ta a gaban mutane?

Bayan azahar aka ce ana nemansa a bakin asibiti. Can ya tarar da Kande ba mayafi, tana dukan ƙofar gilashi da tafin hannu. Yarinyar tana kwance a ƙasa, zanenta jina-jina.

"Mati, ƙofar ta ce ba ta san mu ba! A amalanke na kawo ta!"

Ya manna bakinsa a kunnen ƙofar. "Ni ne Mati. Buɗe wa yarinyar nan."

"Faɗi cikakken suna," in ji ƙofar.

Tsoro ya ci kunyar. "Zinatu!" Ya faɗa da ƙarfi, har yarinyar ta buɗe ido ta dube shi, don ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. "Zinatu, ɗigo Kande, ɗigo Majema, ɗigo Tama."

"Babu Majema."

"To maida ta ƙarƙashina!"

"Mai reshe ne kaɗai ke sakin na ƙarƙashinsa. A kira Kande."

"Ga ta nan tsaye!"

"Babu Kande."

Shi da kansa ya rubuta wannan ƙa'idar, don kada wani mai taushin zuciya ya ɓata masa aiki. Likitoci suna tsaye a bayan gilashin suna kallo. Kande ta daina dukan ƙofar, ta durƙusa ta rufe wa Zinatu ido.