Ƙyauren Gonar Lavelle

Ranar da Dervla ta fara ganinsa, a durƙushe yake a tsakiyar hanyar keke, ana yayyafi, ya ɗebi tsakuwa cike da tafin hannunsa yana dubawa kamar mai zaɓen wake. Kekensa na kwance a cikin ciyawa.

Ta ja birki. "Faɗuwa ka yi, ko addu'a kake?"

"Aiki nake," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Wannan tsakuwar ta yi kaifi. Taya nawa kika fasa a nan?"

"Uku, tun daga bikin Ista."

Sai ya ɗago ya dube ta.

Sunansa Fintan Corduff, mutumin gundumar Sligo. Ƙungiyar da ke kula da hanyar ce ta ɗauke shi aiki. Hanyar kuwa tsohon layin dogo ce da aka cire wa ƙarafa aka zuba tsakuwa, tana bin gaɓar teku a nan yammacin gundumar Mayo, ba mota, ba babur, sai keke da tumaki. Dervla ta taso a gefenta, amma ba ta taɓa ganin wanda ya damu da girman tsakuwarta ba. Abin ya tsaya mata a rai har ta isa gida.

Lahadin da ta biyo baya ta sake samunsa, wannan karon yana leƙen ƙarƙashin wata gada. Suka jera. Shi yana nuna mata inda ruwa ke cin hanya, ita tana gaya masa sunan kowane tudu da kowane tsibiri. Ta sa masa suna Mai Awo. Shi kuma ya ce mata Sarkin Tambaya, don ba ta barin magana ta wuce sai ta ji tushenta.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Sarkin Tambaya, yau tambaya goma sha bakwai kika yi mini. Ni guda ɗaya gare ni. Za ki zo Lahadi?"

Ta rubuta: "Zan zo. Ka taho da burodi mai kyau, na yau kamar tsakuwarka yake."

Duk tafiyarsu wuri ɗaya take tsayawa: wani ƙyauren ƙarfe da aka ɗaure da sarƙa. Daga nan dole mai keke ya fita babban titi, ya yi kilomita biyu yana goga kafaɗa da manyan motocin kifi, kafin ya koma kan tsakuwa. Manoma sama da arba'in sun yarda hanya ta ratsa gonakinsu. Mutum ɗaya ya ƙi, Mossie Lavelle mai tumaki.

"Ina so in san dalilin mutumin nan," Fintan ya ce wata rana, yana kallon sarƙar.

Dervla ta sunkuya tana gyara igiyar takalmi. Ba ta gaya masa cewa Mossie mahaifinta ne ba. Tana tsoron kada ya fara kallonta a matsayin mabuɗi.

Wata uku suna haka, har Declan Ruddy ya gan su suna shan shayi a bakin teku. Declan maƙwabcinsu ne, gonarsa na manne da tasu, kuma ya daɗe yana zuwa gidan da sunan aron kayan aiki. Kafin Dervla ta dawo ya kai labari.

Mossie na zaune a kicin da hularsa a kan gwiwa. "Yaron hanya kike bi?"

"Baba, Fintan sunansa."

"Na san sunansa, wasiƙa biyu ya aiko mini. Ke ce ta uku. Kada in gan shi a ƙofar gidan nan."

Declan, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ƙara da cewa, "Ki tambaye shi tun yaushe ya san 'yar wa ce ke."

Ta tambaye shi washegari, a gaban ƙyauren.

Fintan bai yi ƙarya ba. "Tun sati na biyu. Mai kantin faci ce ta gaya mini."

"Ka sani, ka tsaya a nan kana cewa kana son sanin dalilin mutumin nan?"

"Jira nake ki faɗa da bakinki, Dervla."

"Ko dai jira kake in buɗe maka."

Ta hau kekenta. Bai bi ta ba.

Kwana goma sha biyu ba ta amsa kiransa ba. Sai dai wani abu ya hana ta sakat: ita kanta ba ta san dalilin mahaifinta ba. Kowa a garin ya ce taurin kai ne, ita ma ta ɗauka haka. Wata safiya suna yanke wa tumaki kofato, ta tambaya.

Mossie ya gama da tunkiyar da ke hannunsa kafin ya amsa.

"Kina makaranta a Galway lokacin. Wasu masu keke suka ratsa ta nan, tun kafin a zuba tsakuwa. Suka bar ƙyaure a buɗe. Tumaki goma sha ɗaya masu ciki suka gangara bakin teku, ruwa ya dawo ya rufe su. Mahaifiyarki ce ta raini uwayensu da madarar kwalba. Shekarar da ta rasu ke nan." Ya share hannu da wando. "Mutum bakwai suka zo nan da takarda. Ba wanda ya tambaye ni me ya sa."

A ranar saƙon Fintan ya shigo, dogo ba kamar yadda ya saba ba:

"Na gaya wa ƙungiya su bar maganar gonar Lavelle. Na samo wata hanya ta bayan tudu, kan filin kiwo na gari. Ta fi tsawo, ta fi hawa, za ta ci mini shekara guda, shugabana kuma ya ce idan ba ta yiwu ba in nemi wani aikin. Ba na buƙatar ƙyauren nan. Ke nake buƙata. Na yi kuskure da na yi shiru. Ki yafe mini."

Ta karanta sau uku. Ta rubuta: "Ni ma na yi shiru. Hawan nan, yaya tsananinsa?"

"Za ki zage ni kafin mu kai sama."

Ranar da suka hau tudun, ta zage shi kuwa, sau biyu. Amma da suka kai ƙololuwa suka ga tsibirai a shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ta ajiye keke ta zauna a kan dutse. Shekara ashirin da shida tana zaune a gindin tudun nan, ba ta taɓa ganin gidansu daga sama ba.

Ranar Asabar Fintan ya tsaya a ƙofar da aka hana shi.

"Mista Lavelle, ba maganar hanya ta kawo ni ba."

"Na ji abin da ka yi. Declan ya ce wayo ne."

"Ku bar sarƙar har abada, ku gani."

Mossie ya kalle shi daga sama har ƙasa. "Ka taɓa riƙe tunkiya?"

"Ban taɓa ba."

"To cire wannan matsattsen wandon na 'yan keke, ka zo. Ɗari da ashirin ke jiran magani."

Ya yini yana shan harbi da tunkuyi. Da la'asar Mossie ya zuba masa shayi da kansa, ya tura masa faranti, ya ce wa Dervla, "Bai iya komai ba. Amma duk ƙyauren da ya buɗe sai da ya rufe."

Aka gama hanyar tudu a watan Mayu na shekarar da ta biyo baya, aka ɗaura auren Dervla da Fintan a watan Yuni. Declan ya zo coci, ya zauna a baya, ya kuma ci abinci fiye da kowa. Sarƙar Mossie na nan har gobe, ba wanda ya ƙara yi masa maganarta.

A wurin liyafa aka ce uban amarya ya yi jawabi. Mossie ya miƙe, ya daɗe yana murza hularsa.

"Ni ba mai magana ba ne," ya ce. "Yaron nan ya zo neman hanya a gonata, na hana shi. Sai ya tafi da abin da ya fi gonar." Ya juya ga 'yarsa. "Da mahaifiyarki na nan, da tuni ta cika shi da tambaya kamar ke. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu."

Jama'a suka amsa da amin cikin dariya. Dervla ta kama hannun Fintan a ƙarƙashin tebur, ta riƙe gam.