Ƙafar Hagu

"Ba zan shiga motar haya in je gaban mahaifinki ba."

"To da wannan za ka je? Saurare ta fa, Totur. Ko a tsaye take kamar ana dambe a cikinta."

Ya kashe injin. Garejin ya yi tsit, sai fankar bango da ke ta kaɗa zafi. Makullin da ta kawo yana kan bonet, da tambarin kamfaninsu a jikinsa. Bai taɓa shi ba.

"Da hannuna na haɗa ta," ya ce. "Ita kaɗai zan nuna in ce tawa ce."

"Na sani."

"Kunyata kike ji."

"Tsoro nake ji. Ka san bambancin, faɗa kawai kake nema."

Totur bakanike ne. Abokan aiki suka laƙaba masa sunan, don ƙafarsa ba ta san sassauci a kan totur ɗin mota ba. Motar ja ce, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Gawa ya same ta a bayan wani gareji, ya yi ta binta ƙarfe bayan ƙarfe har ta tashi.

Ita kuma a kamfanin hayar motoci take aiki, katanga ɗaya da garejin. Ranar da ya fara ganinta yana gwada sabuwar salansar motarsa ne, bututun hayaƙi mai ƙara. Ta fito daga ofis da waya a kunne, ta tsaya a kansa.

"Malam, kwastoma yana magana ba na ji. Motar taka ce ba ta da birki, ko bakinta?"

Ya ɗago kai daga injin. Ya ga ido, ya ga ɓacin rai, ya ga kuma dariyar da take dannewa. Sifanar hannunsa ta faɗi. Tun ranar yake kiranta Birki, ita ma ba ta taɓa cewa ya daina ba.

Matsalar mahaifinta ne. Tsohon direban tirela, yana zaune a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a babbar hanya. A kan wannan hanyar ɗansa namiji tilo, yayan Birki, ya rasu cikin mota irin ta Totur. Da aka gaya wa tsohon wanda ke neman 'yarsa da abin da yake hawa, magana ɗaya ya yi: "Hanya ta ci min ɗaya. Ba zan miƙa mata ta biyu ba." Gwaggon da Birki ke zaune a wajenta ce ta yi ta roƙo, har ya yarda ya ga yaron. Gani kawai.

"Farar motar hayar nan tana da sanyi," in ji Birki, ta sassauta murya. "Kujerarta ba za ta karya maka baya ba. Idan ta lalace a hanya, a aiko maka da wata. Taka kuwa, kafin ka kai rabi ta ɗau zafi. Kuma tun daga bakin layi Baba zai ji ta. Ƙarar da ya ji ke nan duk safiya kafin Yaya ya tafi."

"Idan ya tambaye ni ta wa ce?"

"Ka ce ta haya ce."

"Daga hannun manajanki."

Manajan ofishinsu ya daɗe yana sonta, ya ma riga ya je ya gaida tsohon cikin motarsa mai shiru, an karɓe shi da fara'a. Ta ɗauki jakarta, ta bar makullin a inda yake.

Da yamma manajan ya leƙo garejin, yana tsallake baƙin mai don kada ya ɓata takalmi.

"Na ji kai za ka ɗauki farar. Ni na zaɓa maka. Ba ta gudu, ta dace da kai a irin wannan tafiya." Ya yi murmushi. "Ka kula mana da ita. Kayan kamfani ce."

Totur ya goge hannu da tsumma har ya tafi. Sannan ya ɗauki waya ya rubuta wa Birki.

"Ashe tare kuka shirya ni. Ku ƙara da riga da takalmi, ku gama aikin."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Ni na zaɓe ta, ni na wanke cikinta da hannuna. Bai sani ba sai da ya ga babu makullin. In ka fi yarda da bakinsa a kan nawa, ka gaya min tun yanzu in huta."

Ya karanta ya sake karantawa. Wata ta shigo.

"Toturna, ba so nake ka zama wani ba. So nake ka shiga gidan tukuna. In ka shiga, zai gan ka yadda na gan ka."

Ya rubuta "Ki yi haƙuri, Birkina," ya aika. Ya ɗauki makullin.

Ita ta riga shi tafiya a bas. Shi ya kama hanya da sassafe, da kwalin lemo a kujerar baya.

Farar atomatik ce. Babu giyar da zai canja, babu kuloci. Daga totur sai birki kawai, ga birkin da faɗi kamar faranti. Ƙafarsa ta hagu ta rasa aikin yi. Ya naɗe ta ƙarƙashin kujera, ta fito. Ya sake naɗewa. Motoci suna ta wuce shi, har da wata tsohuwar bas mai hayaƙi. Sanyi yana busa masa fuska, babu abin da ke ciwo a jikinsa, amma ji yake kamar wani ake kaiwa, shi rakiya ya yi.

Da la'asar ya shiga layin. Ya hango gidan da aka kwatanta masa, da tsoho dogo zaune kan benci a ƙofa. Ya hango Birki tana leƙe ta bayan ƙyaure. Ya manta a ina yake. Hannunsa ya tafi neman giya, ƙafar hagu ta fito ta taka kuloci da dukan ƙarfinta, yadda ta saba.

Birkin motar ta taka.

Motar ta durƙusa, tayoyi suka yi ƙara, ƙirjinsa ya daki hon. Kwalin ya kife, lemo ya gangaro har ƙarƙashin ƙafafunsa.

Tsohon bai firgita ba. Ya tashi a hankali, ya zo ya leƙa ta taga. Bai kalli fuskar Totur ba, ƙasa ya kalla.

"Ƙafar hagu," ya ce.

"Na'am, Baba?"

"Kuloci ka nema. Babu. Wannan ba motarka ba ce."

"Ta haya ce, Baba."

"Ni na ce a kawo min mota in duba? Mutum na ce zan gani." Ya miƙe. "A ba shi ruwa ya sha. Ka koma ka zo min yadda kake."

Ko zaure bai shiga ba.

Washegari yana gareji saƙonta ya zo.

"Ni na ja maka. Ka yafe min."

"Ba ke ba ce. Ƙafata ce."

"In ka zo da jar ya ji ƙararta, shi ke nan an gama."

"In ban zo ba ma an gama."

Ya jira. Sai can ta rubuto: "Ina nan. Ba zan dawo ba sai da kai."

Ƙarshen mako ya fito da jar. Duk abin da ta faɗa ya faru. Kujerar ta cinye masa baya, zafin injin ya dafa masa ƙafafu, ya tsaya a gefen hanya ya buɗe bonet yana jiran ta huce. Bai yi gudu ba, bai kuma ji daɗin rashin gudun ba. Da ya kai bakin layin sai ya kashe injin, ya bar ta ta gangara shiru har ƙofar gidan.

Tsohon yana kan bencinsa.

"Tayar da ita."

"Baba..."

"Tayar."

Ya murza makulli. Ƙarar ta cika layin. A cikin gidan wani ya rufe taga da ƙarfi. Fuskar tsohon ba ta motsa ba. Ya zagaya, ya buɗe ƙofa, ya lanƙwasa dogon jikinsa ya shiga.

Birki ta fito da gudu, ko takalmi babu. "Baba, don Allah..."

"Koma ciki wajen uwarki." Ya ja bel ya ɗaura. "Yaro, babbar hanya."

Sun yi nisa. Hanyar ta miƙe sambal, babu kowa a gaba.

"Taka," in ji tsohon.

Totur ya dube shi.

"Hanya za ka kalla, ba ni ba. Na ce ka taka. So nake in ji."

In ya taka, ya zama abin da tsohon ke tsoro. In ya ƙi, ya ƙi maganar uban wadda yake nema. Ya duba ta ko'ina bai ga mafita ba. Ya sauke giya, ya ɗan danna. Motar ta zabura kamar dama jira take. Allura ta fara hawa.

"Ƙara."

Ya ƙara. Bishiyoyi suka fara haɗewa da juna. Ta gefen ido ya ga hannun tsohon a kan gwiwa, jijiyoyi sun tashi. Ya tuna ƙafafun Birki a kan tsakuwa. Tasa ƙafar ta dama, wadda ba ta taɓa yi masa gardama ba, ta ƙi ƙara dannawa.

Ya ɗaga ta. Ya kunna sigina, ya gangara gefe, ya tsaya.

"Ba zan iya ba, Baba. Kana ciki ba zan iya ba."

"In ba na ciki fa?"

Ya so ya yi ƙarya. Ba ta fito ba. "Ina yi."

"In ita ce a ciki?"

"Ban taɓa ba."

"In tana gida, ta dafa abinci tana jiranka?"

Tirela ta wuce, iskarta ta girgiza motar. Totur ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Ban sani ba, Baba. Ina so in ce maka ba zan yi ba. Ban sani ba."

Tsohon ya mayar da ido kan gilashi.

"Manajan nan duk abin da na tambaye shi yana da amsa," ya ce. "Kai ba ka da ko ɗaya." Ya shafa fuska. "Ɗana, na hana shi. Na ɓoye makulli, na yi faɗa, na yi fushi. Ya je ya ajiye motar a gidan aboki. Hanina bai tsare kowa ba. Ita kuma ta ce min in ba kai ba, ba kowa, kuma na san jinina."

Totur bai iya ɗaga kai ba.

"Na ba ka ita. Ba wai hankalina ya kwanta ba ne, kada ka ɗauka haka. Ban dai ga abin da zan yi ba. Allah ya yi muku albarka. Allah ya dawo mata da kai duk ranar da ka fita."

"Amin, Baba." Totur ya shafa addu'a. "Amin."

"Gaya mata. Na san tana can tsaye a ƙofa."

Ya ciro waya ya rubuta.

"Birkina, ya ba ni ke."

"Kuna lafiya? Dukanku?"

"Lafiya lau."

"Alhamdu lillahi. Ku dawo a hankali, mijina. A hankali."

An yi auren kafin shekara ta juya. Gwaggo ta yi kuka ta yi dariya, abokan gareji suka zo da kayan da ba maiƙo a jiki har ba a gane su ba, uwar amarya ta riƙe hannun ango ta daɗe ba ta sake ba. Manaja bai zo ba, ba a kuma neme shi ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, a gefen hanyar, tsohon ya kwance bel ya fita. Ya taka zuwa ƙarfen da ke tsare bakin titi, inda wani ɓangare ya fi sauran sabunta, wurin da aka gyara bayan hatsarin ɗansa. Ya dafa shi. Totur ya fito ya tsaya a bayansa, bai san ko ya matsa ko ya bari ba. Injin yana ta ƙas-ƙas yana hucewa.

"Na yi rayuwata a kan hanya, ban taɓa jin komai ba sai gajiya," in ji tsohon, bai juyo ba. "Yau ma na saurara, ban ji ba. Kai da ka sani, ɗana, gaya min. Me yayanta yake ji a cikin gudun nan, da har ya fi masa mu?"