Notin da Ke Kwancewa ta Dama

Ana cikin sujada a coci ranar Lahadi aka sace batirin motar burodin Madam Keziya a Palladan. Kafin Sufeto Cornelius ya iso, har ta yanke hukunci: direbanta Felix ne, tunda shi ke riƙe da makulli. Felix na tsugune a gefe, aikinsa da mutuncinsa na neman tafiya tare.

Sufeto ya ɗaga bonet. Ƙarfen da ke danne batir yana nan daram, an mayar da notinsa an ɗaure, ko ƙwarzane babu. Abin ya ba shi mamaki. Wane irin ɓarawo ne mai gyara wuri kafin ya tafi?

Ya miƙa wa Felix sifana. "Kwance min."

Felix ya murɗa hagu yadda kowa ke yi, har gumi ya keto masa. Noti sai ƙara ɗaurewa yake.

"Ranka ya daɗe, wallahi ya ƙi."

"Madam, wa ya sa miki ƙarfen nan?"

"Tochukwu mai rewaya, a Chikaji. Ya ce sirrin sana'a ne, ko ni bai nuna min ba."

Washegari Sufeto ya sa kayan gida, ya tuka tsohuwar motarsa zuwa Chikaji. Ya yi wa Tochukwu kukan cewa ɓarayin batir sun hana shi sakat a Samaru.

Tochukwu mutum ne da bakinsa ya fi hannunsa sauri. "Oga, ka zo gida. Notina na musamman ne, ta dama yake kwancewa. Ɓarawo ya yi ta murɗawa hagu, yana ƙara ɗaure maka kayanka."

"Direba fa? Idan ya gane?"

"Ina zai gane? Duk Zariya, babu mai buɗe shi sai ni."

"Ka tabbata?"

"Na rantse."

Sufeto ya ciro katin aikinsa. "To, an buɗe na Madam Keziya jiya."

Murmushin Tochukwu ya bushe. Ya ce shi jiya yana coci tun safe. Sufeto bai yi musu ba, ya dai ɗaga buhun da ke ƙarƙashin benci. Ga batir, da garin fulawa maƙale a mariƙinsa.

Tochukwu ya zauna, ya amsa laifinsa. Ya ce wanda duk ya sa wa ƙarfe, ya san inda motarsa ke kwana da ranar da ba kowa a gida.

"Abu ɗaya ya dame ni," in ji Sufeto yana sa masa ankwa. "Me ya sa ka mayar da notin?"

Tochukwu ya sunkuyar da kai. "Oga, hannu ya saba. Ban taɓa barin aiki a kwance ba."

Da yamma Madam Keziya ta mayar wa Felix da makullin motar, ta kasa haɗa ido da shi.