Hanyar da Magini Ya Toshe

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.
Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Shekarar da hukuma ta sassauta dokar tsawon gini a tsakiyar gari, kowa ya ɗaga kai sama. Wani magini shi ma ya ɗora hawa biyu a kan gidansa, don 'ya'yansa su samu wurin zama.

Ranar gamawa, rana ta yi ja, matarsa ta ɗago murya daga tsakar gida.

"Baban Auta, sauko. Ba a aiki da almuru."

"Layi ɗaya ya rage."

Ya jera bulon, ya sauko yana murna. Yana alwala sai tsakuwa ta faɗo gabansa. Wata ta biyo. Ya duba sama, ba kowa. Gidan ya yi tsit, kaji ma suka nutsu.

Kwana uku ana haka duk magariba. A na huɗu Auta, 'yarsa, ta yar da tsintsiya ta sandare, idanunta a kan sabon bangon. Magini ya ruga ya ɗauko malami.

Malam ya daɗe yana karatu a kanta. Can ya ce, "Wane ne?"

Muryar tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar. "Matafiya ne. Kun sare itatuwanmu, kun cike rijiyoyi, muka bar muku ƙasa muka koma bi ta saman rufi. Yanzu saman ma? Jikana ya fasa goshi a bangon nan."

Magini ya durƙusa. "Wallahi ban sani ba, Iya."

"A rushe. In ba haka ba na tafi da ita."

"Kuskure ne, ba ganganci ba," in ji Malam. "A yi miki taga biyu, gabas da yamma, ba ƙyaure ba gilashi."



"Na yarda," in ji tsohuwar. "Amma mai hawa goman da ake haƙa wa tushe a bayanku, wa zai gaya wa mai shi? Shi ma yana da 'ya."

Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Tun ba ta ajiye kofin ba, magini ya ɗauki guduma ya hau bene don ya fasa tagogin.

Ƙurunƙus kan ɓera, nan ta tsaya.