Ranar da Mugu Ya Tuɓe Takalmi

Ɓawon lemo ne ya fara samun Bediako a ƙeya, sannan muryoyi suka biyo baya.

"Ga shi nan! Ga wanda ya kori uwarsa cikin ruwan sama!"

Matan kasuwar Kejetia da ke Kumasi ba sa ɗaukar fim da wasa. Tun da aka saki wanda Bediako ya fito a matsayin ɗan da ya sayar da gonar kokon mahaifiyarsa, ya watsar mata da kaya waje, babu rumfar da ba a tsine masa ba. Tsohuwar 'yar wasa Nana Abrafi ce ta fito a uwar, kuma kukan da ta yi a ƙofar gidan nan ya sa kowa ya manta cewa akwai kyamara a wurin. Shi kuwa bawan Allah yadi kawai ya zo saya. Ya faɗa rumfar da ya fara gani, ya tsugunna bayan tarin atamfa.

Da ya ɗaga kai sai ya ga budurwa tsaye a kansa da almakashi a hannu, tana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. Pomaa ke nan, 'yar mai rumfar.

"Sista, ki rufa mini asiri," in ji shi a hankali.

"Kai da ka kori uwarka, ni ce zan rufa maka asiri?"

"Wallahi bayan an kashe kyamara ni na riƙe mata lema."

Dariyar ta kuɓuce mata. Ta leƙa waje ta nuna wa matan hanyar layin masu kifi, ta ce can ya bi. Da ta juyo ta tarar yana kallonta da waɗansu idanu masu sanyi da ba ta taɓa gani a fim ba. Ya sayi yadin da bai ma duba launinsa ba, ya tafi da lambar wayarta.

Da yamma saƙo ya shigo: "Garkuwata, na isa gida da kaina a wuyana. Ɓawon lemo biyu kawai na ƙara samu. Ki gaya mini ranar da zan sake zuwa a jefe ni, don in dai rumfarku ce mafaka, na yarda."

Ta mayar masa: "Muguna, ka zo ranar Laraba. Mahaifiyata ba ta fitowa ranar."

Haka soyayya ta kama su, a hankali kuma da ƙarfi. A wurin cin fufu ta gane cewa mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, kuma bayan ɗaukar fitowar nan ta ruwan sama sai da ya ɓuya bayan mota ya yi kuka. Ta saƙa masa abin hannu na duwatsu shuɗaye, ta ɗaura masa da kanta.

Matsalar ita ce Maame Konadu, mahaifiyar Pomaa. Ranar da ta ji sunan saurayin, sai da ta ajiye ludayi.

"Wane Bediako? Na fim? Wanda ya ture Nana Abrafi cikin taɓo?"

"Maame, wasa ne fa. Rubuta masa aka yi."

"Rubuta masa aka yi ya murtuke fuska haka? Pomaa, mutum ba ya ara wa fuskarsa abin da babu a cikinsa. Yau uwarsa, gobe uwar matarsa. Ba a gidana ba."

Ita dai Maame tana da nata ɗan takarar: Osei, wanda ya dawo daga Jamus da mota da turare mai hawa kai. Ba mugu ba ne Osei, sai dai mutum ne da ba ya iya kallon komai bai faɗi yadda ake yinsa a Hamburg ba. Yayan Maame, Wofa Agyekum, wanda shi ke da ikon karɓar masu neman auren Pomaa, ya ce shi ba zai buɗe ƙofa ga wanda ƙanwarsa ta rufe wa ba. Pomaa ta rame, ta daina raha a rumfa.

Ana cikin haka bikin ba da kyaututtukan fina-finai na shekara ya zo, wanda ake yi a Accra ana nunawa kai tsaye. An sa sunan Bediako cikin masu neman kyautar mataimakin jarumi, Nana Abrafi kuma cikin na gwarzuwar shekara. Tsohuwar ta fi shekarun Pomaa tana wasa cikin harshen Twi, ba a taɓa ba ta ko cokali ba. Duk Kumasi ta sa rai bana ranarta ce.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Wofa ya fito da talabijin tsakar gida ya ɗora a tebur. Kafin la'asar maƙwabta sun cika benci, mai soya kelewele, wato ayaba mai yaji, ta matso da kaskonta bakin ƙofa. Osei ya zo ya zauna kusa da Maame. Kyamara ta zagaya zauren, sai ga Bediako cikin kente, mayafin saƙar Asante mutanen Kumasi, mai ruwan zinare, ya yafa shi a kafaɗar hagu, wata 'yar wasan Accra mai fina-finan Turanci zaune a gefensa, ta jingino tana raɗa masa magana.

"Ato!" in ji Osei. "Mutuminki ya samu abokiyar zama."

Pomaa ta kawar da kai daga allon. Kishi ne, kuma bai yi mata da sauƙi ba. Wayarta ta yi motsi a cinyarta: "Garkuwata, su suka jera kujerun, ba ni ba. In kyamara ta dawo, ki dubi hannuna na dama." Da kyamara ta dawo, sai ga shi ya ɗaga hannu kamar mai gyara mayafi, duwatsun nan shuɗaye suna ƙyalli. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Aka zo kyautar gwarzuwar shekara. Kowa ya matso kusa da talabijin. Mai sanarwa ya buɗe ambulan, ya kira sunan yarinyar Accra.

Ihun da ya tashi ba a gidan Wofa kaɗai ba ne, daga kowace katanga ta unguwar ya fito. Wani ya ce an sayar da kyautar. Wata ta ce dama can mutanen Accra ba su ɗauki mai magana da Twi a bakin komai ba. Osei ya ce a Turai alƙalai sun fi duba yadda fim zai shiga kasuwar duniya, mai kelewele ta ce masa ya rufe mata baki ko ta rufe masa da mai. A zauren ma rabi na tafi, rabi na ihu. Kyamara ta kamo Nana Abrafi a layin baya, tana tafa wa yarinyar a natse, da murmushin da ya fi kuka ciwo. Maame Konadu ta share ido da bakin zane.

Sai aka kira Bediako. Shi ya ci tasa kyautar.

"Kun gani ko?" in ji Maame. "An hana uwa, an ba mugun ɗa. Duniya ta ƙare."

Ya hau dandali ya karɓi kyautar. Ya tsaya gaban makirufo. Sai ya juya ya sauko ta matakala, ya bi tsakiyar zauren, ya wuce manyan baƙi, ya wuce masu ɗaukar nauyin bikin, har layin baya. A gaban Nana Abrafi ya tsaya. Ya zare ƙafafunsa daga takalmi, ya taka ƙasa. Ya sauke kenten daga kafaɗarsa zuwa ƙugu, ya bar kafaɗa a buɗe, kamar yadda ɗan Asante ba ya yi sai a gaban sarki ko babba na gaske. Sannan ya durƙusa ya ajiye kyautar a ƙafafunta.

A tsakar gidan kowa ya kafe allon da ido. Man kelewele na ƙonewa, mai shi ba ta sani ba. Pomaa ta ji tsikar jikinta ta tashi gaba ɗaya. A allon, mutane suka fara miƙewa layi bayan layi, tsohuwar ta ɗora hannu a kansa. Nan take gidan talabijin ya yanke, ya sako tallar sabulu.

Aka ɓarke. Wofa, wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya miƙe tsaye yana cewa, "Wa ya koya wa yaron nan? Wa ya rene shi?" Motoci a titi suka kama hon. Osei ya girgiza kai ya ce yaron ya kashe sana'arsa, babu mai shirya fim na Accra da zai sake kiransa, kuma gaskiya ya faɗa, don an daɗe ba su kira shi ba. Maame ce kaɗai ba ta yi magana ba. Ta zauna tana kallon tallar sabulu har ta ƙare, ta tashi ta shige ɗaki.

Kwanaki suka wuce ana ta muhawara a rediyo, wasu na cewa rashin kunya ya yi wa alƙalai, wasu na cewa ya wanke wa Kumasi fuska. Maame ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Pomaa ta rubuta masa: "Muguna, na ga abin da ka yi, har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Amma Maame ta yi shiru, kuma shirunta tsoro yake ba ni." Ya amsa: "Asabar zan aiko a ƙwanƙwasa ƙofarku. Ba ni da uwa, amma na samu mai tsaya mini."

Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa. Maame ce ta buɗe da kanta. Kwanon da ke hannunta ya kusa faɗuwa. Nana Abrafi ce a tsaye, da sandarta, dattawa biyu a bayanta ɗauke da kayan gaisuwa, Bediako can ƙarshe, kansa a ƙasa.

"'Yar'uwa," in ji tsohuwar, "na zo nema wa ɗana aure."

Aka zauna, aka ba baƙi ruwa, Wofa ya tambayi abin da ke tafe da su kamar bai sani ba. Da aka gama, duk ido ya koma kan Maame. Ta daɗe tana kallon Nana Abrafi, sannan ta matso ta kama hannunta da hannu biyu.

"Nana, abu ɗaya nake so in ji daga bakinki. Abin nan da ya yi miki cikin ruwan sama, kin yafe masa?"

Pomaa da ke laɓe bayan labule ta toshe baki. Tsohuwar kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta dubi Bediako, ta dubi Maame.

"Na yafe masa duniya da lahira."

Maame ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo. "To, in ke kin yafe, ni wace ce? Pomaa, fito ki ga mijinki."

An yi bikin bayan girbin koko, matan Kejetia suka zo da anko, har da wadda ta jefa ɓawon lemon nan, ita ce ma ta fi kowa rawa. Da aka zo sa albarka, Bediako ya zare takalminsa, ya sauke kente daga kafaɗa, ya durƙusa a gaban Maame Konadu. Ta ɗora hannu a kansa, hawaye na zuba.

"Tashi, ɗana. Allah Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu tausayin iyaye. Amma fim na gaba, ka ce su ba ka mutumin kirki."