Kayan Ɗakin Naja'atu

Naja'atu na durƙushe tana laluben murfin kula a ƙarƙashin gado, ta jiyo dariyar mijinta Misbahu daga sashen yayansa. Yau ma a falon facalarta Mukarrama ya baje takardun ɗalibansa yana dubawa!

Ita ce fa aka kawo daga Ikara da kaya niƙi-niƙi, har matan nan garin Gazara suka riƙa zuwa kallo. Mukarrama kuwa marainiya ce, daga katifa sai 'yan kwanuka. To me yake gani a can?

Yana shigowa ta tare shi. "Malam, faɗa mini gaskiya, me matar yayanka ta fi ni da shi?"

"Subhanallahi! Naja, matar Yaya fa kika ce!" Ya dubi ɗakin ya yi ajiyar zuciya. "A ina zan zauna? Kujeru duk kuloli ne. Keken ɗinkinki ma yaushe rabonki da shi? Kwastomominki duk sun gudu."

Ta fashe da kuka, ta kira mahaifiyarta a waya. Umma ta ce, "Ko cokali kada ki fitar! Kayan ɗaki su ne mutuncin mace. In ya raina su, ki taho gida!"

Misbahu ya ci gaba da kawo cefane, ita kuwa ta daina amsa gaisuwar Mukarrama.

Ran nan ta sake jin dariyar, ta figi mayafi ta faɗa sashen. Misbahu da yayansa ne kaɗai a kan tabarma. Mukarrama na can madafa tana suyar awara, ta fito ta riƙo hannun Naja'atu.

"Na san abin da ke ranki, ƙanwata. Wallahi ni ce nake kishinki! Duk ranar da na leƙa ɗakinki sai na tuna ba ni da uwar da za ta yi mini kaya. Mijinki kuwa wurin miƙe ƙafa kawai yake nema, kuma ba shi da zance sai naki."

Kunya ta rufe Naja'atu.

Washegari su biyun suka fito da komai tsakar gida. Abin da ake amfani da shi ya koma ɗaki, wanda ya lalace aka zubar. Ana cikin haka Umma, da labari ya kai mata, ta diro daga kan acaɓa tana huci.

"Wa ya sa ki? Shi ko?"

Misbahu ya durƙusa. Naja'atu ta riga shi magana. "Ni ce, Umma. Kamila 'yar marigayi Kawu za ta tare ba ko tukunya. Waɗannan kwalayen ban taɓa buɗe su ba, ita zan ba."

Umma ta daɗe tana kallon kwalayen, sannan ta share ido da bakin mayafi. "Ki haɗa mata da labulen nan."

Bayan la'asar Misbahu ya shimfiɗa takardunsa kusa da taga, keken ɗinki na ƙara a gefensa. Ta miƙa masa shayi tana murmushi. "Saura in sake jin dariyarka a wani wuri!"

Haƙurinsa ne ya riƙe auren nan. Ita kuma ta gane cewa tarin kaya ba ya zaunar da miji, kuma zargi kan sa mace ta tsani wadda ke nufinta da alheri.