Hulunan Fata Goma Sha Biyu

Da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safiyar Talata wuta ta tashi a ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai, hawa na biyu na babban ɗakin karatu. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, hayaƙi ya gama da yarinyar da ke ɗaukar hoton shafuka a ciki. Auta ake ce mata, shekararta ashirin da huɗu, 'yar tsohon da ke ɗinkin littattafai a hawa na ƙasa. An same ta kwance tsakanin kantoci biyu, taku shida daga ƙofa.

Mafarin wutar bai wahalar da Sufeto, 'yar sandar da aka ba binciken, ba: soket ɗaya aka loda wa fitilu uku da na'urar hoto. Abin da ya hana ta sakat shi ne ɗakin yana da sabuwar na'urar kashe gobara wadda ko shekara ba ta yi ba, amma ba ta yi feshi ba sai bayan minti tara. Manyanta a ofis kuwa, da yake sun fi son fayil rufaffe a kan gaskiya, tuni suka sa aka kama Injiniyan da ya haɗa na'urar. Ranar Juma'a za a kai shi kotu da laifin sakacin da ya ci rai.

Sufeto ta same shi a ɗakin tambaya, idanunsa sun yi jawur.

"Faɗa mini yadda take aiki," in ji ta. "Kada ka yi mini karatun makaranta."

"Ranki ya daɗe, ba irin ta da ba ce mai kwararo ruwa kamar tanki ya fashe. Inji ne ke turo ruwa da ƙarfi ta siraran bututu, ya fita ta ƙananan huji, ya zama kamar hazo. Hazon ya shanye zafi, ya hana wuta iska, ya kwantar da hayaƙi. Takarda ko jiƙewar kirki ba ta yi. Shi ya sa ake sa ta a ɗakin littattafai, da ɗakin janareto, da jirgin ruwa."

"Me ke kunna ta?"

"Kowane bakin feshi a silin yana da 'yar kwalba siririya kamar tsinken ashana. Zafi na kai mata sai ta fashe, ruwa ya fito. A irin wutar nan minti ɗaya ya yi yawa."

"To ina sauran takwas ɗin suka tafi?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi tun jiya abin da nake tambayar kaina ke nan."

Ya nuna mata hotunan duban da ya yi wata uku baya. Bakunan feshi goma sha biyu, kowanne fes, kwalbarsa a fili. Sufeto ta bi injin da kanta ta ga lafiyarsa ƙalau, tankin kuma cike yake ranar. Ta ji a ranta an kama wanda bai ji ba bai gani ba, amma ji a rai ba ya fitar da mutum daga kotu.

Shugabar ɗakin karatun ce kaɗai ke da makullin rufe ruwa. Aka duba, hatimin da ke jikin marufin yana nan babu wanda ya taɓa shi. Matar ta yi ta kuka, tana cewa ita ta nace aka sa na'urar. Shekara ashirin da suka wuce, in ji ta, wani ma'aikaci ya bugi bakin ruwa irin na da da tsani, ruwa ya yi ta zuba awa biyu, littattafan rubutun hannu ɗari huɗu suka koma kamar tsumma. Mahaifin Auta ne ya shafe shekara goma sha ɗaya yana busar da su shafi-shafi.

Inna mai shara babu wanda ya ga ta isa a tambaye ta. Sufeto ta tambaye ta.

"Abubuwan saman nan? Ai 'yar nan, da nakan kaɗe musu yana da dogon tsintsiya. Tunda aka sa musu hula na huta."

"Wace hula, Inna?"

"'Yan farare mana, kyawawa. Na ɗauka na kamfani ne."

Sufeto ta koma ɗakin da tsani. A tsakiya komai ya ƙone, amma can kusurwa, saman kantar ƙarshe, ta ga ɗaya. Hula ce ta fata mai kauri, ninki biyu, an rina ta fari don ta saje da silin, an ɗaure ta tamau a kan bakin feshin. Ta yanke ta, ta juya cikinta. Ɗinkin a jere yake, ƙullin a ɓoye, zaren yana ƙamshin kakin zuma. Ta daɗe a kan tsanin nan ba ta sauko ba. Shekararta goma sha takwas a aiki, ba ta taɓa jin baƙin cikin gano gaskiya irin na ranar ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta shiga ɗakin ɗinki. Baba Maɗinki, mahaifin Auta, ya kasa zaman gida, ya dawo kan teburinsa, basilla a hannu amma ba ya huda komai. Ta gaishe shi, ta yi masa gaisuwar rashi, sannan ta ajiye hular a gabansa.

"Baba, na kai wa dukawa biyu wannan. Duka sun ce ba ɗinkinsu ba ne, na bayan littafi ne. A ginin nan mutum ɗaya ke shafa wa zare kaki. Kuma a takardar waɗanda suka halarci gwajin na'urar, sunanka kaɗai babu."

Ya kalli hular, bai taɓa ta ba.

"Ni na ɗinka," in ji shi. "Goma sha biyu. Sun ce hazo ne, na ce ruwa ruwa ne, ko me suka kira shi. Kwalbar nan ko tsintsiyar Inna ta isa ta fasa ta. Ni na san abin da ruwa ke yi wa tawada, 'yata. Na ce in dai wuta ce ta gaske, ai fata za ta ƙone."

"Ta ƙone, Baba. Amma fata mai ninki biyu ba ta barin zafi ya wuce da wuri. Sai da ta cinye kafin kwalbar ta ji wuta. Minti takwas ɗin da muke nema ke nan."

Sai ya ce, "Yaron da kuka kama, ku sake shi. Yana da iyali?"

"'Ya'ya biyu."

"Ku sake shi yau, kada ya ƙara kwana." Ya ajiye basillar a hankali. "Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da ban sa ba, da Auta ta fito?"

Sufeto ta so ta yi ƙarya, ta kuma iya yin ta, aikinta ya koya mata. Amma ta ga tsohon ya riga ya san amsar, so kawai yake wani ya faɗa.

"Da ta fito, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya ɗauki hularsa ya sa. A bakin ƙofa ya tsaya ya dafa bango.

"Ranar da na sa su, ita ta riƙe mini tsani," in ji shi. "Ta ce Baba, don Allah ka bari, ni na ga gwajin da idona. Na ce mata ke yaushe aka haife ki."